Ɗana ya ce tunda Oilers ba su ɗauki kofi ba duk wahalar banza aka yi, me zan ce masa?

Baban Yara, Edmonton

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san yawancinmu a nan ƙwallon ƙafa muka sani, amma ku yi haƙuri da ni, maganar hoki na kawo yau, wasan nan na kan ƙanƙara da mutanen Kanada ba sa haɗa shi da komai. Shekarata 11 a Edmonton. Farkon zuwana ko kallonsa ban iya ba, ɗan baƙin faifan robar da suke bugawa ya fi ƙarfin idona, sai dai in ji an yi ihu in san an ci. Ɗana na fari ne ya ja ni ciki. Shekararsa 10, a nan aka haife shi, yana buga wa ƙungiyar yaran unguwarmu. Ni nake kai shi atisaye da asubar Asabar cikin sanyin nan mai daskarar da gashin hanci, ni nake durƙusawa in ja masa igiyar takalmi don hannunsa bai yi ƙwarin da zai ɗaure ta tamau ba. A haka na koyi wasan, a haka kuma na kamu da son Edmonton Oilers.

Ranar Talata 17 ga Yunin 2025 Florida Panthers suka doke mu ci 5 da 1 a wasa na shida, suka ɗaga kofin Stanley, babban kofin gasar hoki. Shekara biyu ke nan a jere su ne dai suke hana mu a zagayen ƙarshe. Bara ma ta fi ciwo: sun ci mu wasa uku a jere, muka rama uku a jere har da wanda muka yi musu 8 da 1, sannan a wasa na bakwai suka sha da 2 da 1. Ta leƙo ta koma.

A falo muka kalla. Da yake nan rana ba ta faɗuwa a watan Yuni sai wajen ƙarfe goma, aka tashi wasa gari da haske tamkar la'asar. Yaron bai yi kuka ba, da ma kukan ya yi da ya fi mini. Tashi ya yi ya tuɓe rigarsa mai lamba 97, ta Connor McDavid, tauraron Oilers, ya ninke ta ya tura ƙarƙashin gado. Ya fita waje ya cire 'yar tutar da muka maƙala a tagar mota tun watan Afrilu, ya shigo ya ajiye mini a kan tebur. Na ce masa, ai mun yi ƙoƙari, ƙungiya 32 ne, mu ne na biyu. Ya dube ni ya ce, "Baba, babu na biyu. Duk a banza aka yi." Uwarsa ta zuba masa abinci, bai taɓa ba.

Washegari a wurin aiki na gane inda ya samo maganar. Manya masu furfura, ita suke yi. A rediyon mota kuwa masu bugo waya wannan ya ce a kori koci, wancan ya ce a sayar da mai tsaron raga, wani ya ce ya gama da su har abada. Ko mutum ɗaya ban ji ya ambaci cewa mun fitar da Los Angeles bayan sun fara cin mu biyu, mun fitar da Vegas, mun fitar da Dallas ba.

Ni kuwa zuciyata ta ƙi yarda. Bari in ba ku misali ɗaya. Maƙwabcina na dama, dattijo ne Bature, shekara shida muna tare ba abin da ya taɓa haɗa mu sai ɗaga hannu in muna kwashe ƙanƙara a ƙofar gida. Wasanmu na biyu da Florida ya faɗo ranar Babbar Sallah, Juma'a 6 ga Yuni. Na aika yaron ya kai masa soyayyen nama, sai ga shi ya biyo shi da kwanon a hannu yana tambaya ko za mu kalli wasa. A falona ya zauna har ƙarin lokaci na biyu. Saura daƙiƙa 18 a tashi Corey Perry ya farke mana, sai ga dattijon nan ya ɗaga ɗana sama kamar jikansa. An ci mu a ƙarshe, 5 da 4. Amma tun ranar nan mutumin nan yake sallama a gidana. Wannan ma a banza ne?

Tambayata biyu ce. Ku da kuka fi ni daɗewa a ƙasar nan, me ya sa masu son hoki suke da wannan ra'ayi na ko kofi ko babu? Sannan me zan ce wa yaron nan? Ba na so ya tashi da tunanin cewa duk abin da bai zo na ɗaya a ciki ba asara ce, don gobe jarrabawa ce, jibi neman aiki.

Ɗan Zazzau a Toronto

Wa alaikumus salam Baban Yara. Sannunku da haƙuri. Amma ka yi mini afuwa, ni dai a wannan maganar ina bayan yaronka, kuma zan faɗa maka dalili.

Kai da ni mun taso da ƙwallon ƙafa, inda kaka ɗaya take da ƙofofi da yawa. Wanda bai ci lig ba yana iya cin kofin ƙalubale, wanda ya zo na huɗu a Ingila ya samu gurbin gasar zakarun Turai, wanda yake can ƙasa ya tsira daga faɗawa rukunin 'yan dagaji ya yi murna kamar ya ci kofi. Kowa da abin da zai riƙe. A NHL, babbar gasar hokin Kanada da Amurka, ba haka ba ne. Ba a faɗawa ƙasa, ba gasar nahiya, ba ƙaramin kofin da ake kirgawa. A kakar 2024-25 wasa 82 kowace ƙungiya ta buga daga Oktoba zuwa Afrilu don kawai ta samu izinin shiga cikin 16 da za su nemi kofi. Daga nan zagaye huɗu, kowanne sai wanda ya riga cin wasa huɗu, wato nasara 16 ake bukata. Kun samu 15 bara, 14 bana. Sunan wanda ya cika 16 ɗin ne kaɗai ake sassaƙawa a jikin kofin, ɗan wasa bayan ɗan wasa.

Akwai kofin da ake ba wanda ya fi kowa maki a wasannin 82 ɗin, amma tambayi mutanen Boston darajarsa. A 2023 sun ci wasa 65, ba a taɓa yin haka ba a tarihin gasar, sai Florida ɗin nan ta fitar da su a zagayen farko. Yau in an tuna kakar nan tasu, fitarwar ake tunawa. 'Yan wasan da kansu haka suka ɗauke shi. Ka tuna bara da aka miƙo wa McDavid kofin zakaran ɓangaren yamma na gasar bai ko taɓa shi ba, don al'adarsu ce cewa ba shi aka zo nema ba. Kuma da aka zaɓe shi gwarzon wasannin neman kofi duk da an ci su, bayan ya tara maki 42 na ci da bayar da ci, bai fito ya karɓa ba, yana ɗakin canza kaya da abokansa. To yaron da yake sanye da rigar mutumin nan me kake so ya ce?

Ga kuma abin da ya fi tayar wa mutanenku hankali. Akwai iyakar kuɗin albashi da aka yanka wa kowace ƙungiya, dala miliyan 88 a kakar 2024-25. Ba za ka tara taurari ka riƙe su shekara goma ba, dole wasu su tafi. Sababbin 'yan wasa masu kyau kuma na ƙasan tebur ake fara ba wa zaɓi, ta haka Edmonton ta samu McDavid a 2015 bayan ta shekara da shekaru a wahala. A Yunin 2025 shekararsa 28, kwantiraginsa saura shekara ɗaya. Kowa a garinku ya san irin wannan ɗan wasa ba kullum ake samu ba, kowace shekarar da ta wuce ba kofi an rage ɗaya. Tsoro ne kake ji a rediyon nan, ya fito da kamar fushi.

Mu nan Toronto rabonmu da kofi tun 1967, lokacin ƙungiya shida ce kacal a gasar. Akwai wanda aka haifa, ya yi aure, ya yi jikoki, bai taɓa ganin ƙungiyarmu ta Maple Leafs ko a zagayen ƙarshe ba. A 2013 muna gaba da Boston 4 da 1 a wasa na bakwai, saura kamar minti goma, aka farke aka cinye mu. Bana mun zo na ɗaya a rukuninmu, Florida ta zo har gida ta yi mana 6 da 1 a wasa na bakwai, mutane suka riƙa jefa rigunansu kan ƙanƙara. Ban jefa tawa ba, amma na fahimci wanda ya jefa. Tikitin da ya saya ya kai kuɗin cefanen wata. In magoya baya suka ce "an yi ƙoƙari" kowace shekara, masu ƙungiya ba abin da zai dame su, filin cike yake ko an ci ko ba a ci ba.

Kuma kada ka manta, rabon da wata ƙungiyar Kanada ta ɗaga kofin nan tun Montreal a 1993. Wasan nasu ne, amma kofin yana can garin da ko ƙanƙara ba ta sauka.

Sai Masu Gida

Ni daga Kano nake, ban taɓa ganin hokin ƙanƙara ba sai a waya, amma wallahi da na karanta sai na ga kamar a majalisarmu aka yi. Malam Ɗan Zazzau ya ce ƙwallon ƙafa tana da ƙofofi da yawa, gaskiya ne, amma halin ɗan kallo ɗaya ne. Ku tuna wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, Fabrairun 2024. Kafin a fara gasar wa ya zaci Super Eagles za su kai can? Suka kai, Troost-Ekong ya fara ci, masu gida suka farke suka ƙara, 2 da 1. Kafin gari ya waye an yi wa Alex Iwobi ca da zagi har ya goge hotunansa a Instagram, sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi mutane su bari. Wata guda yaran nan suna faranta mana, dare ɗaya aka manta.

'Yan Arsenal na gidan kallonmu ma haka, shekara uku a jere suna zuwa na biyu, kullum kamar an yi musu rasuwa. Ni kuwa da na ga Pillars ta faɗa ƙasa a 2022 bayan duk kofunan da muka ci, na san daɗin a ce kana cikin masu neman kofi ma. Baban Yara, ka gaishe mini da yaron, ka ce wani kawunsa a Kano ya ce wanda aka kayar a wasan ƙarshe ya fi talatin da suka kalla daga gida.

Maman Biyu, Vancouver

Baban Yara, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su. Malam Ɗan Zazzau, bayaninka ya fito da yadda gasar take, na ƙaru. Amma ban yarda da inda ka kai maganar ba, don na ga ƙarshen wannan ra'ayin da idona.

Ina ɗaliba a nan a 2011. Canucks, ƙungiyar garin nan, su ne suka fi kowa maki a shekarar, suka kai wasa na bakwai da Boston a gida, 15 ga Yuni, aka ci su 4 da nema. Ƙawayena suka ja ni cikin gari kallo a babban allo, ni ko dokokin wasan ban sani ba. Kafin mu ankara an kifar da mota an cinna mata wuta. Ina jin ƙarar fasa gilasan shaguna, hayaƙi mai sa hawaye ya cika mana ido, muka riƙe hannun juna muna gudu, takalmina ɗaya ya fita ban tsaya ɗauka ba. Mutanen da awa uku kafin nan suke rungumar juna su ne suka koma haka. Washegari wasu suka fito da tsintsiya da leda suna share titi, suna rubuta ban haƙuri a jikin katakon da aka toshe tagogi da shi. Ban ce duk mai cewa ko kofi ko babu zai ƙona mota ba. Amma in ka cusa wa mutum cewa wata biyu na ransa sun tafi a banza, sai ya nemi wanda zai biya shi.

Kuma maganar McDavid, ai shi sana'arsa ce. An biya shi don ya kawo kofi, jikinsa ne yake shan duka, yana da haƙƙin ya ce bai gamsu ba. Yaro ɗan shekara 10 ba shi ya buga ba. Abin da yake hannunsa shi ne yadda ya kalla da kuma wanda ya kalla tare da shi.

Shawarata, Baban Yara, kada ka yi masa wa'azi yanzu. 'Yata tana wasan ninkaya, na yi wannan kuskuren: ta zo ta huɗu, tun a mota na fara jero mata dalilan da za ta gode wa Allah, sai ta ji kamar ban ɗauki ciwon nata da muhimmanci ba, kwana biyu ba ta sake mini fuska ba. Ka ce masa kai ma ya yi maka zafi, don na ga alama ya yi maka. Ka bar rigar inda ya sa ta. In ya huce, abu ɗaya nake so ka nuna masa: bayan an tashi wasa na ƙarshe, 'yan wasan ƙungiyoyin biyu sukan yi layi su gaisa hannu da hannu, ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka yi mako biyu suna fasa wa juna baki. Wanda ya kashe talabijin don haushi ba ya ganin wannan. Na tabbata su ma a wasansu na yara ana sa su yi.

Sannan ka lura da bakin iyaye a wurin atisaye. Wani abin ba a rediyo yaran suke ɗauka ba, a bayan gilashin filin unguwa suke ji, daga uban da yake yi wa ɗansa tsawa don ya ɓarar da ƙwallo.

Ɗan Zazzau a Toronto

Hajiya, abin da aka yi a Vancouver ba wanda zai kare shi, kuma Allah ya kiyaye gaba. A kan yadda za a bi da yaron na sallama miki, kin fi ni sani. Abu ɗaya dai nake riƙe da shi: kada a ce masa na biyu da na ɗaya duk ɗaya ne, don ya san ba gaskiya ba ne, kuma zai daina yarda da maganar babansa a kan wasan. Ciwon da yake ji shaida ce cewa abin ya shiga ransa. Ni da nawa yaran ko sunan 'yan wasan Leafs ba su sani ba, da zan so in ga ɗayansu ya ƙi cin tuwo saboda an ci mu.

Baban Yara, Edmonton

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Kawunsa na Kano, na isar da saƙo, ya tambaye ni ko Pillars suna da filin ƙanƙara, na ce masa a'a, ciyawa ce.

Hajiya Maman Biyu, na bi shawararki, ban ce masa komai ba har jiya. Kuma kin faɗi gaskiya, shi ya kashe talabijin tun kafin gaisawar, ni ma ban gani ba sai daga baya a waya. Malam Ɗan Zazzau, maganar tsoro da ka yi ita ce ta buɗe mini ido, don da muka zauna abin da ya fara tambayata shi ne ko McDavid zai bar garin. Ashe abin da yake cinsa ke nan tun ranar Talata. Na ce masa wannan sai abin da Allah ya yi, amma ko ya tafi ni da shi muna nan.

Jiya da yamma muna yankan ciyawa maƙwabcin nan nawa ya leƙo ta kan shinge ya tambayi ina tutar mota. Yaron ya sunkuyar da kai. Na ɗan gaya masa abin da ya faru. Sai ya ajiye abin ban ruwansa ya zagayo. Shi ya ga zamanin Wayne Gretzky, tsohon tauraron Oilers, da idonsa, ya ga kofi biyar da ƙungiyar ta ci tsakanin 1984 da 1990, kuma ya ga shekara goma da aka yi daga 2007 zuwa 2016 ko shiga wasannin neman kofi ba a yi ba. Na ɗauka labarin kofunan zai ba shi. Sai ya ba shi na 1986.

Ya ce a shekarar Oilers sun ci kofi biyu a jere, kowa ya sa rai da na uku. Wasa na bakwai da Calgary, maƙwabta kuma abokan hamayya, ana 2 da 2 a kashi na uku, wato na ƙarshen wasa. Wani sabon mai tsaron baya, Steve Smith, ranar ce ma ya cika shekara 23, ya ɗauko ƙwallo daga bayan ragarsu zai miƙa wa ɗan uwansa, sai ta bugi ƙafar golansu Grant Fuhr ta faɗa raga. Da wannan aka fitar da su, 3 da 2. Ya ce yaron nan ya zube a kan ƙanƙara, ya yi kuka a gaban duniya, kuma shi kansa yana cikin waɗanda suka zage shi a daren, abin da har yau yake jin kunyarsa. Shekara ta zagayo, 1987, suka doke Philadelphia suka karɓi kofi. Gretzky ne kyaftin, shi aka fara miƙa wa. Da ya ɗaga ya sauke, bai ba kowa cikin manyan taurarin ba, ya waiga ya nemo Steve Smith ya danƙa masa.

Yaron ya yi shiru yana saurare, sannan ya tambaye shi, to da ba su ci a 1987 ɗin ba fa? Dattijon ya daɗe bai amsa ba. Ya ce da ya ci gaba da zuwa kallo, kamar yadda ya je a shekaru goman nan da ba a ci komai ba, don a filin ne yake zama kusa da mahaifinsa, daga baya kuma kusa da 'yarsa.

Ban san abin da yaron ya ɗauka a ciki ba. Rigar tana nan ƙarƙashin gado, ban taɓa ta ba. Amma da safen nan ya fito da takalmansa na ƙanƙara ya gwada, sun matse shi a yatsa, ya ce in tuna a sayo wasu kafin Satumba a kuma kai a wasa musu ƙarfe. Maƙwabcin ya ce akwai na jikansa a gareji da aka daina sawa, za mu je mu duba ko za su yi masa bayan sallar Juma'a.